Ƙidayar Ƙwayoyin Fumfuna a Iska: Abin da Awo ke Faɗa da Abin da Ba Ya Iya Faɗa

Babu iskar da mutum ke shaƙa a rayuwar yau da kullum da ba ta ɗauke da ƙwayoyin fumfuna. Da wannan ya kamata a fara, domin yawancin ruɗanin da ake shiga kan awon iska daga mantawa da shi yake tasowa. Fumfuna da danginta, tun daga wadda ke fitowa a jikin bango mai danshi har zuwa wadda ke cin ganyen amfanin gona da ruɓaɓɓen itace, suna yaɗuwa ne ta wasu ƙananan ƙwayoyi da suke saki iska ta kwashe. A shekarar 2007 masana sun ƙiyasta cewa abin da ke tashi sama na waɗannan ƙwayoyi a faɗin duniya ya kai kimanin tan miliyan 50 a shekara. Baligi kuwa yana shaƙar iska fiye da lita 10,000 a kowace rana. Saboda haka idan aka kawo na'ura aka zuƙi iskar ɗaki, aka dawo da takarda mai cewa an samu fumfuna, ba a faɗi komai ba tukuna. Sai an san nawa aka samu, wace iri, daga ina ta fito, kuma da wane ma'auni aka auna.

Girman ƙwayoyin ne ke jagorantar kusan komai a wannan fanni. Ana auna su da maikiromita, wato kashi ɗaya cikin dubu na milimita. Ƙwayar fumfunar da ake kira Aspergillus fumigatus ba ta wuce maikiromita 2 zuwa 3 ba, ta Alternaria kuwa tana kai 20 zuwa sama da 50 a tsawo. A ɗakin da iska ba ta motsi, ƙaramar kan ɗauki kusan awa guda kafin ta sauko mita ɗaya, babbar kuwa cikin 'yan mintoci ta sauka. Ƙaramar tana ratsawa har can cikin huhu, babbar galibi a hanci da maƙogwaro take maƙalewa. Duk na'urar da aka ƙera, wani girman take kamawa da kyau wani ya kuɓuce mata, kuma wannan kaɗai ya isa ya sa na'urori biyu su tsaya a ɗaki ɗaya a lokaci ɗaya su ba da amsa biyu.

An daɗe ana wannan aiki. A wajen 1860 Louis Pasteur ya riƙa zuƙo iskar birnin Paris ta cikin wata irin auduga, ya narkar da audugar, ya duba abin da ya rage a madubin likita. Charles Blackley, wani likita a Manchester ta Ingila mai fama da atishawa da ƙaiƙayin ido a lokacin fitar fure, ya shafa wa ƙananan gilasai gam ya ɗaura su a jikin abin wasan nan na takarda da ake sakar wa zare iska ta ɗaga, don ya ga abin da ke yawo a can sama. Ya wallafa sakamakonsa a 1873. Har shaƙar ƙwayoyin fumfuna ya yi da gangan don ya ga yadda jikinsa zai yi, kuma ya ji a jikinsa. Amma gilashi mai gam da aka bari a fili yana da naƙasu babba: yana nuna abin da ya faɗo, ba ya nuna yawan iskar da ta wuce. Ba tare da sanin yawan iskar ba, babu yadda za a kwatanta jiya da yau.

Wanda ya warware wannan shi ne Jim Hirst, a cibiyar binciken noma ta Rothamsted a Ingila, a 1952. Damuwarsa cututtukan amfanin gona ce, musamman na dankalin Turawa, ba lafiyar mutane ba. Na'urarsa tana zuƙar lita 10 na iska a kowane minti ta wata siririyar kafa mai tsawon milimita 14 da faɗin milimita 2, tana da wutsiya da ke juya ta ta fuskanci inda iska ke busowa. A bayan kafar akwai gilashi mai gam da ke matsawa milimita 2 a kowace awa. Hikimar tana cikin wannan matsawar. Idan aka ɗora gilashin a madubi, kowane milimita biyu awa ɗaya ce, don haka ana iya cewa da ƙarfe uku na rana ƙwaya kaza ce a cikin kubik mita ɗaya na iska, wato lita 1,000. Daga baya aka maye gurbin gilashin da tef da aka naɗe a jikin ganga mai zagaye ɗaya a kwana bakwai, irin wadda kamfanin Burkard ke ƙerawa, kuma har yau ita ce ke kan rufin jami'o'i da asibitoci a ƙasashe da dama.

Abin da waɗannan na'urori suka koya wa duniya cikin shekaru saba'in shi ne iskar waje ba ta da adadi ɗaya. Cladosporium, wadda ita ce ta fi yawa a iskar waje a yawancin wuraren da aka auna, da Alternaria, busassun ƙwayoyi ne. Suna tashi da rana idan raɓa ta bushe iska ta kaɗa, suna yawaita lokacin girbi da yankan ciyawa. Wasu kuma akasin haka suke. Dangin lemar kwaɗi da wasu masu rayuwa a jikin ganye suna harba ƙwayoyinsu ne idan akwai laima, shi ya sa suke cika iska da tsakar dare zuwa asuba, ko jim kaɗan bayan ruwan sama. Ruwan da ya wanke busassun ƙwayoyi daga iska shi ne kuma yake tayar da waɗannan. A watan Yuli na 1983, bayan wata guguwa mai tsawa a Birmingham, masu ciwon asma da ke zuwa asibitoci sun ƙaru ƙwarai, kuma awon iska ya nuna tashin ƙwayoyin Didymella da Sporobolomyces a daidai lokacin. A ƙasashen da ƙanƙara ke rufe ƙasa, adadin kan sauka ƙwarai a hunturu, ya haura dubbai ko dubun dubata a ƙarshen lokacin zafi. Ko ma'aunin da likitocin alaji (rashin jituwar jiki da wani abu) suka fi ambata, wato ƙwaya 3,000 na Cladosporium ko 100 na Alternaria a kubik mita a matsayin inda masu alaji kan fara jin alamu, matsakaicin yini guda ne a iskar waje, ba hukunci ne kan ɗaki ba.

To ga inda matsalar take, kuma ita ce ta sa na ga ya dace a yi wannan bayani. A waje, inda ba mu da ikon sauya komai sai dai mu gargaɗi masu asma da manoma, ana awo dare da rana shekara da shekaru. A cikin gida kuwa, inda ake yanke shawarar tashi daga gida, ko rushe bango, ko kai mai gida kotu, galibi awon minti biyar ake yi.

Hanyoyi biyu ne suka fi yawa a cikin gini. Ta farko ita ce ta ƙirga ƙwayoyi kai tsaye. Ana haɗa famfo da wani ɗan ƙoƙon roba mai gilashin gam a ciki, a zuƙi lita 15 a minti na tsawon minti biyar ko goma, a aika ɗakin gwaje-gwaje a ƙirga a madubi. Amfaninta shi ne sauri, kuma tana kama ƙwaya mai rai da matacciya, abin da ke da muhimmanci domin matacciyar ƙwaya ma tana tayar da alaji. Rauninta shi ne ido ba ya iya rarrabe da yawa daga cikinsu. Ƙwayoyin Aspergillus da na Penicillium duk ƙananan dunƙulallu ne masu kama da juna, sai a haɗa su a layi ɗaya a rahoto, alhali kowannensu na da ɗaruruwan nau'o'i, wasu na gida mai danshi, wasu na ƙasa da ruɓaɓɓen ganye, wasu masu haɗari ga marar lafiya. Idan kuma ƙura ta yi yawa a gilashin, ƙananan ƙwayoyin sai su ɓuya a ƙarƙashinta.

Hanya ta biyu ita ce ta shukawa. Na'urar da Ariel Andersen ya fitar a Amurka a 1958 tana zuƙar lita 28.3 a minti ta cikin faifai masu huji 400, iskar ta bugi faranti mai ɗauke da abincin da fumfuna ke tsirowa a kai. Asalin na'urar hawa shida ne, hujin kowane hawa ya fi na samansa ƙanƙanta, don haka tana tace ƙwayoyin gwargwadon girmansu, kusan yadda hanyar numfashi ke yi. Ana ajiye farantin a ɗumin digiri 25 na kimanin mako guda, a ƙirga tsiron da ya fito. A nan ana iya gane nau'i da sunansa. Sai dai abin da ya tsiro kawai ake gani, kuma shi kaso ne kaɗan na abin da ke cikin iska. Wasu sun mutu, wasu bugun na'urar ya kashe su, wasu ba sa son abincin da aka zuba, wasu kuma masu saurin girma sun danne su. Fumfunar da ke son wuri mai ɗan bushewa ba ta fitowa da kyau sai a abinci na musamman irin DG18. Ƙwaya goma da suka manne da juna tsiro ɗaya za su ba da. Shi ya sa adadin shukawa kusan kullum yake ƙasa da na ƙirga kai tsaye, kuma ba a taɓa jera su a kwatanta kamar abu ɗaya suke aunawa.

Yana da kyau mai karanta rahoto ya yi ɗan lissafi da kansa. Minti biyar a lita 15 lita 75 ke nan. Don a mayar da shi kubik mita sai a ninka da 13 da ɗan ɗori. Ke nan ƙwaya ɗaya tal a gilashi za ta fito a takarda a matsayin 13. Idan mai duba madubin rubu'in gilashin kawai ya karanta, kamar yadda wasu ɗakunan gwaji ke yi, wannan ƙwaya ɗayar ta zama 53. Wanda ya ga 53 a ɗakin barci da 160 a falo zai ɗauka falon ya ninka sau uku, alhali bambancin ƙwaya ɗaya ne da ƙwaya uku, abin da sa'a kaɗai za ta iya kawowa. Rahoton kirki yana nuna ainihin adadin da aka ƙirga kusa da wanda aka ninka, da yawan iskar da aka zuƙa. Wanda bai nuna ba ya ɓoye abin da ake bukata don a san nauyin maganarsa.

Bayan haka ga sauyin iskar ɗakin kanta. Tafiya a kan kafet, kakkaɓe katifa, shara, buɗe taga, kunna fanka, duk suna iya ninka adadin sau da yawa cikin mintoci, sannan ya sake sauka. Ɗakin da aka rufe tun jiya ba kowa zai nuna tsabta ko da bayan kabad ɗinsa ya yi baƙi ƙirin. Mai awon minti biyar kamar wanda ya leƙa kasuwa sau ɗaya ne da sassafe, ya tafi yana ba da labarin yawan masu cinta.

Don a rage wannan rauni ne aka saba ɗaukar awon waje tare da na ciki a kwatanta. Tunanin mai kyau ne. A ginin da ba shi da matsala, mafi yawan ƙwayoyin ciki daga waje suka shigo, ta taga da ƙofa da jikin tufafi, don haka ya kamata su zama ƙasa da na waje kuma irinsu ɗaya. Wani babban bincike da aka wallafa a 2002, wanda ya tattara awo 12,026 daga gine-gine 1,717 a Amurka, ya samu cewa tsaka-tsakin adadin ciki kimanin 80 ne a kubik mita ta hanyar shukawa, na waje kuma kimanin 500. Amma mayar da wannan doka, a ce muddin ciki bai kai waje ba to lafiya lau, kuskure ne da ake yawan yi. A ranar da iskar waje ta kai 20,000 saboda girbi, ɗaki mai ƙwaya 3,000 na Aspergillus da Penicillium zai ci jarrabawa, alhali bangonsa na ruɓewa. A ranar ƙanƙara kuma, ko bayan ruwa mai ƙarfi, gida mai lafiya zai faɗi. Sannan iskar ciki tana bin ta waje ne a baya da awoyi, abin da ke ɗaki da azahar yana iya zama ragowar abin da ya shigo da safe.

A ganina, abin dubawa a kwatancen shi ne jerin nau'o'in, ba jimillar ba. Idan waje Cladosporium ce ta mamaye amma ciki Aspergillus da Penicillium ne suka fi rabi, akwai alamar wani abu na tsirowa a cikin ginin. Akwai kuma waɗanda ganinsu ko kaɗan ne yana da ma'ana, kamar Chaetomium da Stachybotrys chartarum, domin a cikin gini ba sa tsirowa sai a takarda ko katako ko allon silin da ya daɗe a jiƙe sharkaf. Ita Stachybotrys, wadda jaridu suka yi wa suna da baƙar fumfuna, ƙwayoyinta a jiƙe suke da yauƙi, ba sa tashi da sauƙi sai sun bushe ko an taɓa su. Binciken nan na 2002 ya same ta a iskar kashi 6 cikin ɗari na gine-ginen. Ma'ana, ganinta shaida ce, rashin ganinta kuwa ba shaidar komai ba ce.

Mutane da yawa suna mamaki idan aka ce musu babu wani adadi da hukumomin lafiya na duniya suka amince cewa daga nan haɗari ya fara. Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojinta na 2009 kan danshi da fumfuna a cikin gine-gine, ta ƙi sanya lamba, ta ce a hana danshi a kuma kawar da fumfunar da ta fito. Hukumar kare muhalli ta Amurka ma ta ce idan ana ganin fumfuna da ido, a mafi yawan lokuta babu bukatar awo. Wannan ba sakaci ba ne, kuma ba yana nufin fumfuna ba ta cutarwa. Nazarin da ya haɗa bincike masu yawa a 2007 ya nuna cewa zama a gida mai danshi da fumfuna yana tare da ƙaruwar tari da shaƙewar ƙirji da matsalolin asma da kashi 30 zuwa 50 cikin ɗari. A Rochdale ta Ingila, a watan Disamba na 2020, wani yaro ɗan shekara biyu ya rasu, kuma mai binciken musabbabin mutuwa ya tabbatar a 2022 cewa daɗewa cikin fumfunar gidansu ce sanadi. Abin lura shi ne, a binciken lafiya, abin da ya fi dacewa da ciwon mutane ba ƙidayar ƙwayoyin iska ba ce. Tabon ruwa ne a bango, da fumfunar da ake gani, da warin danshi da hanci ke ji. Gani ya kori ji. Ina jin takaicin yadda ake sa iyali su jira sakamakon gwaji, ko a nuna musu takarda mai ƙaramin adadi a ce babu matsala, alhali bangon ɗakin yaransu yana gabansu.

Wani dalilin da ya sa ƙidaya ba ta dacewa da ciwo shi ne ƙwayoyin ba su kaɗai ke tashi ba. Jikin fumfunar yana karairayewa ya saki ɓarɓashi ƙanana, wasu ƙasa da maikiromita ɗaya, kuma gwaje-gwaje sun nuna yawansu na iya ninka na ƙwayoyin sau ɗaruruwa. Suna ɗauke da abubuwan da ke tayar da alaji, amma madubin da ake ƙirga ƙwayoyi da shi ba ya lissafa su, faranti ma galibi ba ya nuna su.

Farantin da ake sayarwa don mutum ya buɗe a ɗakinsa na awa ɗaya ya rufe ya jira, shi ba sai an tsaya dogon bayani a kansa ba. Komawa ne ga matsalar Blackley: babu ma'aunin iska, manyan ƙwayoyi ne ke faɗawa, kuma a kowane ɗaki na duniya wani abu zai tsiro.

Sabuwar hanyar da ta fi jan hankali ita ce ta neman DNA, wato sinadarin gado, na fumfuna, wadda ke gane nau'i ko ƙwayar ta mutu. Sau da yawa ba a iska ake nema ba, a ƙurar da ta kwanta ne, domin ƙura tana tara abin da ya sauka cikin makonni da watanni, ta rage matsalar minti biyar. A kan wannan ne masana na gwamnatin Amurka suka gina ma'aunin ERMI a 2007, mai duba nau'o'i 36, guda 26 masu alaƙa da gidajen da ruwa ya ɓata, guda 10 na ko'ina. Hukumar kare muhalli ta Amurka da ta ƙirƙiro shi da kanta ta ce kayan bincike ne, ba a yi shi don yanke hukunci kan gida ɗaya ba. Kuma an gina shi ne a kan gidajen Amurka, don haka ɗaukarsa zuwa wani yanayi da wani irin gini yana bukatar taka-tsantsan.

Duk wannan ba yana nufin a ajiye famfo ba. Akwai wuraren da awon iska ba shi da madadi. A sashen asibiti da ake kwantar da waɗanda aka yi wa dashen ɓargo ko masu shan maganin kansar jini, Aspergillus na iya shiga huhu ta yaɗu ta yi kisa, kuma an sha ganin ɓarkewarta lokacin da ake rushe-rushe ko gini a kusa. A nan ana tace iska da matatar HEPA, mai tare kashi 99.97 cikin ɗari na ɓarɓashi mai girman maikiromita 0.3, kuma awo ta hanyar shukawa, da zuƙar iska mai yawa har lita 1,000, shi ke nuna ko matatar da rufin ɗakin suna aiki. A wuraren sarrafa takin gargajiya, da rumbunan hatsi, da masana'antar katako, inda adadin kan kai miliyoyi, ana ɗaura wa ma'aikaci ƙaramin famfo da matata a kusa da hancinsa tsawon lokacin aiki, don a san ainihin abin da ya shaƙa. Ɗakunan adana littattafai da kayan tarihi ma suna bibiyar iskarsu.

A gida ko ofis kuwa, awo yana da amfani idan akwai tambaya takamaimai da aka rubuta kafin a kunna na'ura: ana jin wari amma ba a ga komai ba, shin akwai abu a bayan wannan bango ko a cikin bututun sanyaya ɗaki? Ko an gama gyara da share wuri, shin ƙurar aikin ta bazu zuwa sauran ɗakuna? A irin wannan hali ana ɗaukar awo fiye da ɗaya a ɗakin da ake zargi, da wani ɗaki da ba a zargi, da waje kafin a fara da bayan an gama, duk da na'ura ɗaya da aka daidaita ƙarfin zuƙarta. Ana rubuta lokaci, da yanayin gari, da ko taga a buɗe take, da abin da mutane ke yi a ɗakin. Kuma ana haɗa shi da na'urar auna danshin bango da ta laimar iska, domin fumfuna ba ta tsirowa sai da ruwa: laimar ɗaki da ta daɗe sama da kashi 60 cikin ɗari, ko kayan da suka jiƙe ba a busar ba cikin awa 24 zuwa 48, ko yoyon da ba a toshe ba. Idan sakamakon iska ya saɓa wa abin da na'urar danshi da ido da hanci suka nuna, awon iskar ne ake maimaitawa, gyaran bangon kuma ba ya jira.